Kyautar Kirsimeti ga Ƙananan Yara: Shawara ga Iyaye Masu Ƙaramin Ƙarfi

Zuwa ga Edita,

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka tare da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina kuma roƙon ka ba ni fili in yi magana da iyaye 'yan'uwana Kirista, musamman masu ƙaramin ƙarfi, a kan abin da za su saya wa ƙananan yaransu a bikin Kirsimeti mai zuwa. Ni malamar firamare ce a nan Jos, kuma ina cikin masu koyar da yara a makarantar Lahadi, saboda haka nakan ga kyaututtukan nan sau biyu: ranar biki suna ƙyalli a hannun yara, da kuma abin da ya rage daga cikinsu idan an koma makaranta a watan Janairu. Abin da nake gani a karo na biyun shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ba sai na ɓata wa masu karatu lokaci wajen bayyana halin da ake ciki ba, domin kowa ya san abin da ke aljihunsa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo, har hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disambar 2024. Mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a watan Yulin shekarar bai isa sayen buhun shinkafa mai kilo 50 ba a kasuwanni da dama lokacin bikin da ya biyo baya, balle a yi maganar mai tura baro, da mai sayar da kayan miya a bakin titi, da manomin dankali da ke jiran dillali, waɗanda ba su da albashin ma sam. Amma yaro ɗan shekara huɗu bai san da wannan lissafi ba. Abin da ya sani shi ne Kirsimeti na zuwa, abokansa suna ta maganar sababbin kaya, shi ma kuma yana da uwa da uba. Sa ran da yake yi ba laifi ba ne, kuma ba na cikin masu cewa a manta da kyauta tunda babu kuɗi. Abin da nake cewa shi ne, ɗan abin da ke hannu ya isa a faranta wa yaro rai, muddin aka zaɓi abin da zai daɗe yana amfani da shi, aka bar wanda ido kawai yake so.

Kafin a taka ƙafa zuwa kasuwa, ya kamata miji da mata su zauna su fitar da kuɗin makaranta na zango na biyu, wanda ake fara nema tun farkon Janairu, su fitar da na haya idan lokacinta ya kusa, su ware na hatsin da za a ci bayan biki, sannan su yanke adadin da za a kashe a kan yara, su kuma tsaya a kansa ko me suka gani a kasuwa. Ma'aikata sun san yadda albashin Disamba kan zo da wuri a wasu wuraren, mutum ya ɗauka alheri ne, sai ya wayi gari a cikin Janairu babu ko sisi, wata kuma bai ko raba ba. Na sha ganin yaro ya zo coci ranar 25 ga wata cikin kwat da takalmi mai sheƙi, sannan bayan mako uku a koro shi gida saboda ba a biya masa kuɗin makaranta ba. Kunyar da yaron nan yake ji sa'ad da aka kira sunansa a gaban aji ta fi murnar kwat ɗin daɗewa a zuciyarsa. Ina kuma roƙon iyaye da babbar murya kada su ci bashi don kyauta, musamman daga manhajojin nan na waya da ke ba da rance cikin 'yan mintoci da ruwa mai yawa. Idan mutum ya makara wajen biya, wasu daga cikinsu kan aika wa mutanen da ke cikin wayarsa saƙon cin mutunci, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. Babu motar wasan da ta kai a zubar da mutuncin gida a kanta.

Waɗanda suke jin cewa rashin kashe kuɗi mai yawa raini ne ga ranar, ina so su sake duba labarin da muke bikin tunawa da shi. Mun fi yawan ambaton zinariya da lubban da mur da masanan nan suka kawo daga gabas, kamar yadda yake a Matiyu sura 2, amma ba mu cika tsayawa a kan Luka sura 2 aya 24 ba, inda Maryamu da Yusufu suka kai jaririn Haikali suka miƙa hadayar kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu. Littafin Firistoci sura 12 ya nuna cewa wannan ita ce hadayar da aka yarje wa macen da ba ta da halin kawo ɗan rago. Ke nan iyayen da aka haifi Almasihu a hannunsu masu ƙaramin ƙarfi ne, sun ba da abin da suke iyawa a bainar jama'a, kuma ba a rubuta cewa sun ɓuya don kunya ba.

To, idan an yanke kuɗin, me za a saya? Tambayar da nake so uwa ta yi wa kanta a gaban kowane mai tebur ita ce, shin wannan abin zai kai watan Fabrairu a hannun yarona? A ɗauki motar nan ta roba mai batir, mai fitila ja da shuɗi da jiniya, wadda masu talla suke kunnawa a kasuwar Taminus ta nan Jos don ta ja hankalin yara masu wucewa. Robarta siririya ce, idan aka matsa ta da yatsa za a ji tana lotsawa, ƙafafunta kuma a jikin wata 'yar waya aka soke su. Yaro zai yi wasa da ita ranar biki, washegari batir ya mutu a sayi wani, kafin sabuwar shekara ƙafa ɗaya ta fita ko ƙanensa ya zauna a kanta ta fashe. Kallon kitse ne ake yi wa rogo. Ko da ma ba ta lalace ba, ita ce mai yin wasan, yaron ɗan kallo ne kawai: ya danna ta yi ƙara, ya sake dannawa ta sake yin ƙarar nan ɗaya, cikin kwana kaɗan ta gundure shi. Kuɗin wannan mota zai sayi ƙwallo mai ƙwari, kuma ƙwallo ba ta neman batir, tana tara yaran gida da na maƙwabta, tana sa su gudu har su yi gumi a cikin sanyin hunturu, kuma dokokin wasan su da kansu suke ƙirƙira. Haka igiyar tsalle take, haka ludo yake ga waɗanda suka fara iya ƙirga, tunda mutum huɗu ne ke zama a kansa, har kaka ma tana iya shiga. A gidan da ke da yara uku ko huɗu, abin wasa ɗaya mai kyau da kowa zai shiga ya fi tarkace huɗu da kowa zai riƙe nasa na kwana biyu.

Shekarun yaro su ma abin dubawa ne, kuma a nan maganar ta wuce ta kuɗi ta zama ta rai. Yaron da bai kai shekara uku ba komai bakinsa yake kai wa, don haka duk abin da zai iya shigewa bakinsa gaba ɗaya, ko wanda ke da idanu da maɓallai da duwatsun ado da za su iya ɓallewa, bai dace da shi ba. A jikin kwalin kayan wasa da yawa akwai wani ɗan zane na fuskar jariri cikin jan da'ira, an ja masa layi, an rubuta 0–3 a gefensa. Ma'anarsa ita ce kada a ba yaron da bai cika shekara uku ba, kuma na lura iyaye da yawa ba su taɓa kula da shi ba. Balan-balan, wadda muke saya da yawa saboda arha, idan ta fashe guntunta na iya toshe wa ƙaramin yaro hanyar numfashi, don haka a riƙa tsince guntayen nan take. Mafi hatsari kuma shi ne ƙaramin batir ɗin nan mai faɗi da sheƙi da ake sa wa agogon roba da tabarau mai fitila da takalmi mai walƙiya. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, yana iya ƙona naman wurin cikin sa'o'i biyu, kuma sau da yawa iyaye ba sa sanin abin da ya faru sai yaro ya kasa cin abinci. Duk abin wasan da murfin batir ɗinsa ba a ɗaure yake da noti ba, a bar shi a kan teburin mai shi, kuma idan aka yi zargin yaro ya haɗiye batir, a tafi asibiti nan da nan, kada a tsaya ba shi manja ko a sa shi amai. Haka kuma a guji kayan da fentinsu ke ɓarewa idan aka kankare da farce. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu. Can daga ƙurar dutsen zinariya ta fito, amma guba ɗaya ce da ake samu a cikin wasu fenti masu arha, kuma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ko da kaɗan ce. Alewa da biskit kuwa, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, domin lokacin biki ne wasu 'yan kasuwa suke fito da kayan da suka kwana biyu a sito.

A wurinmu nan Arewa, babbar kyautar Kirsimeti ita ce kayan sawa, kuma a nan ne mafi yawan kuɗin yake tafiya, don haka zan ɗan daɗe a kai. Babu abin kunya a gwanjo. Wadda ta je kasuwar Katako a nan Jos, ko Kasuwar Barci a Kaduna, da sassafe ranar da ake kwance dila, za ta iya zaɓar rigar yaro mai kaurin yadi da ɗinki mai ƙwari wadda ta fi sabuwar da ke cikin leda inganci, a kan kuɗin da bai kai nata ba. A duba hammata da wuya da zif, a ɗaga rigar ga haske don a ga ko akwai huda, a kawo gida a wanke da ruwan zafi, a shanya a rana, a goge, a ninke a ɓoye har ranar. Yaro ɗan shekara biyar ba ya tambayar daga ina riga ta fito, abin da ya sani shi ne bai taɓa ganin ta ba, kuma tasa ce. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Kayan da za a samu da sauƙi a watan Oktoba ko farkon Nuwamba, su ne za a ninka wa kuɗi a mako na uku na Disamba, lokacin da kowa ya fito kuma an riga an tsince masu kyau. Haka batun tela yake: wadda ta kai ɗinki tun da wuri za ta karɓa cikin natsuwa, wadda ta kai ana saura mako ɗaya kuwa za ta biya kuɗin gaggawa, kuma tana iya kwana a shagon tela ranar jajibere ta dawo da riga babu maɓalli.

Wajen zaɓin kayan kuma, a tuna cewa yara suna girma da sauri, don haka a ƙara ɗan girma kaɗan, a sa tela ya bar lanƙwasa a ƙafar wando da gindin riga yadda za a iya saki nan gaba. Kwat mai ɗamara da doguwar rigar nan mai raga da ke sa yarinya ƙaiƙayi, sau ɗaya ko biyu ake sa su, sai su ƙare a ƙasan akwati. Rigar sanyi mai kyau kuwa, da safa da hula, a garuruwa irin su Jos da Pankshin da Zariya inda sanyin Disamba da Janairu yake sa yara tari da mura, za a sa su kowace safiya har hunturu ya wuce. Takalmi ma a sayi wanda makaranta za ta yarda da shi, baƙi ko ruwan ƙasa, ya yi Kirsimeti ya kuma yi zango na biyu da na uku. Idan aka sayi turmin atamfa ɗaya aka yanka wa yara duka, an rage kuɗi, an kuma rufe ƙofar cewa na wane ya fi na wane kyau.

Akwai kuma kyautar da ba a saya, wadda nake ganin mun yi watsi da ita ba tare da dalili ba. Kirsimeti yana zuwa ne bayan an gama girbi, lokacin da karan dawa ya bushe yana zube a gonaki. Mafi yawan iyaye maza da suka tashi a ƙauye ko a bayan gari sun iya motar kara: a fere ɓawon, a yanka tsakiyar mai laushi gunduwa-gunduwa, a soke su da tsinken ɓawon a tayar da jikin mota, a yanko ƙafafu daga tsohon silifas, a ɗaura doguwar sanda ta tuƙi. Uban da ya zauna da ɗansa yamma ɗaya suka haɗa wannan mota tare, ya ba shi abin wasa, ya koya masa aikin hannu, kuma idan ta karye yaron ya san yadda zai gyara ta. Uwa kuma tana iya roƙon guntayen ƙyalle a wurin tela, waɗanda dama sharewa ake yi a zubar, ta ɗinka 'yar tsana ta cusa mata auduga, ta yi mata idanu da zare maimakon maɓalli, ta yi mata zane da ɗankwali daga ragowar atamfar da aka ɗinka wa yarinyar. Na ga yadda yarinya take goya irin wannan 'yar tsana har ta yi baƙi a wanke ta, alhali ta roba mai gashin zinariya tana cire kai cikin mako guda. A wurin kafinta ma akwai guntayen katako da ake ƙonawa. Idan aka zaɓi manya waɗanda ba su da ƙusa aka goge gefensu da sanfefa, yaro ɗan shekara uku zuwa shida zai gina gida da gada da coci da su, ya rushe ya sake ginawa. Motar gwangwani ce kawai nake cewa a bar wa manyan yara, saboda kaifin bakinta.

A matsayina na malama, ba zan rufe baki ban ambaci fensir mai launi da littafin zane ba, domin kuɗinsu kaɗan ne, kuma yaron da ya saba riƙe su a gida yakan fi saurin iya rubutu idan ya shiga aji ɗaya. Ɗan ƙaramin allo da alli ma haka. Littafin labarai mai hotuna, na Hausa ko na Turanci, ana samun sa a kantunan littattafai na coci irin su Challenge, ana kuma samun na hannu a wurin masu shimfiɗa littattafai a bakin titi. Sharaɗinsa ɗaya ne, wato a sami babban da zai zauna ya karanta wa yaron da dare, in ba haka ba zai yayyage shi ne kawai.

Ga waɗanda suke da ɗan fili a gida, sagarar kaza kyauta ce da kakanninmu suka san darajarta. A kira yaro a ce wannan taka ce, kai za ka ba ta tsaki da ruwa. Cikin 'yan watanni za ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, kuma daga cikin 'ya'yanta ne za a sayi takalmin Kirsimeti na baɗi. Sai dai a sani cewa lokacin hunturu ne cutar kaji take yawaita, don haka a nemi ma'aikacin dabbobi ya yi mata rigakafi, kuma kada a yanka ta ranar da aka yi baƙo ba tare da an nemi yardar mai ita ba. Yaro yana riƙe irin wannan abu a ransa fiye da yadda manya suke zato.

Wannan ya kawo ni ga maganar da ta fi damuna, wato adalci a tsakanin yaran gida ɗaya. Gidajenmu da yawa akwai ɗan riƙo, ko maraya na dangi, ko yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana taya aiki. Ranar Kirsimeti sai a ga 'ya'yan gida cikin sababbin kaya, ita kuwa tana bakin murhu cikin tsohuwar rigar uwar gida da aka rage mata. Mun san labarin Yusufu a Farawa sura 37, yadda riga ɗaya da mahaifinsa ya yi masa shi kaɗai ta ƙara hura wutar ƙiyayya a zukatan 'yan'uwansa, kuma maƙwabtanmu Musulmi ma sun san yadda fifikon nan ya ƙare da jefa shi rijiya. Idan kuɗin da ke hannu na riga uku ne, yara kuma huɗu ne a gidan, to a rage tsadar ukun a fitar da ta huɗu. Ba lallai kyautar ta zama iri ɗaya ba, tunda shekaru sun bambanta, amma kowane yaro da ke kwana a ƙarƙashin rufin nan ya ji an kira sunansa an miƙa masa abu a hannu. Dangi ma suna iya taimakawa a nan: maimakon kawu da goggo da inna kowa ya zo da ledar alewa, a yi magana tun da wuri, wannan ya ɗauki takalmi, wancan ya ɗauki jakar makaranta.

Haka kuma kuɗin da yara suke samu a yawon Kirsimeti, lokacin da suke bi gida-gida suna gaisuwa ana ba su naira hamsin ko ɗari. Al'adar da muka saba ita ce uwa ta ce kawo in ajiye maka, daga nan kuma ba a sake jin labarin kuɗin ba. Ya fi kyau a sa asusu cikin kyautar, na ƙasa ko na katako, yaron ya zuba kuɗinsa da hannunsa, a fasa tare a watan Janairu a saya masa abin da yake buƙata yana gani.

Abu biyu ne nake roƙon a cire su gaba ɗaya daga lissafi, wato bindigar wasa da abin fashewar nan da yara suke kira nokawut. Rundunonin 'yan sanda na jihohi suna sanar da hana shi kusan kowace shekara, amma ana sayar da shi a fili, yana ƙona yatsu, yana taɓa idanu, yana kuma iya tayar da gobara a lokacin da ciyawa da rufin ɗaki suka bushe ƙayau. Bayan wannan, mu a Filato ba mu manta da hare-haren jajiberen Kirsimeti na 2023 a ƙananan hukumomin Bokkos da Barikin Ladi ba. Akwai yaran da suka tsere daga ƙauyukan nan suna zaune tare da mu a unguwanni da majami'u, kuma ƙarar da wani yaro yake ɗauka wasa, su tana sa su gudu su ɓuya suna kuka. Kuɗin da za a ƙone cikin daƙiƙa ɗaya, da an sayi safa biyu da shi, ɗaya ta yaron gida, ɗaya ta irin waɗannan yara.

Ina da roƙo ga shugabannin ikilisiyoyinmu, na ECWA da COCIN da EYN da HEKAN da Katolika da Angilika da Baptis da sauransu, da kuma shugabannin Zumuntar Mata. Wani ɓangare na nauyin da iyaye suke ɗauka daga coci yake fitowa ba tare da an yi niyya ba. Idan aka fitar da anko na yara mai tsada don waƙar Kirsimeti, ko aka ce kowane yaro ya kawo kyauta a yi musanya ba tare da an ƙayyade kuɗi ba, to an sa gwauruwa mai yara huɗu cikin zaɓi biyu, ko ta ci bashi ko ta hana 'ya'yanta zuwa. Na san yaran da suke daina zuwa makarantar Lahadi a watan Disamba saboda wannan dalili kaɗai, su dawo a Janairu bayan an gama. Abin da ya fi shi ne a fara tara gudummawa tun watan Oktoba, a sayi littattafan rubutu da fensira da sabulu a kan farashin sari, a ƙulla su iri ɗaya, a ba kowane yaro nasa ba tare da an bambanta ɗan dattijon ikilisiya da ɗan mai gadi ba. Matan zumunta kuma suna iya sa rana ɗaya a watan Nuwamba kowa ta kawo kayan da 'ya'yanta suka fi ƙarfinsu, wankakku gogaggu, a yi musanya cikin mutunci. Masu adashi su tsara kwasar masu ƙananan yara ta faɗo kafin farashi ya tashi.

'Yan'uwanmu Musulmi masu karanta wannan jarida za su ga cewa kusan duk abin da na faɗa ya shafi kayan Sallah ma, tunda kasuwa ɗaya muke ci, tela ɗaya muke kai wa ɗinki. Ga jaridar kuma, ranka ya daɗe, ina roƙon ku tura wakilanku kasuwannin Jos da Kaduna da Kafanchan da Sabon Garin Kano da Yola tun cikin watan Nuwamba, su kawo mana farashin kayan yara da takalma da atamfa mako-mako, su kuma tambayi hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, abin da take yi game da kayan wasa marasa inganci da ake shigowa da su gab da biki, domin iyaye su san abin da za su tarar kafin su bar gida.

Na gode da filin da aka ba ni.

Taku mai karatu,
Malamar firamare da makarantar Lahadi,
Jos, Jihar Filato.